Ina lambar take? Fashin baƙi kan lambar QR da masu larurar gani

Duk wanda ya taɓa ɗora kyamarar wayarsa a kan lambar QR, wato murabba'in nan mai ƙwayoyi baƙaƙe da farare da waya ke karantawa, ayyuka huɗu ya yi cikin daƙiƙa biyu ba tare da ya lura ba. Ya hango lambar, ya matsa kusa da ita, ya saita ta a tsakiyar allo, sannan ya tsayar da hannunsa har hoton ya fito tas. Sai bayan nan ne wayar ke karɓar aikin ta karanta. Waɗannan huɗun kuwa duk aikin ido ne. Shi ya sa idan aka ce an sa lambar QR a jikin kwalin magani ko a bangon tasha domin makaho ya ji bayani da kunnensa, tambayar da ya kamata a fara yi ita ce: ta yaya zai san akwai lamba a wurin, kuma a ina take?

Yawan mutanen da abin ya shafa ba kaɗan ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla mutum biliyan 2.2 ne ke da wata matsalar gani, ta kusa ko ta nesa. A ƙiyasin shekarar 2020, wajen miliyan 43 makafi ne, wasu miliyan 295 kuma ganinsu ya yi rauni matsakaici ko mai tsanani. Da yawa daga cikinsu suna amfani da wayar zamani yadda ya kamata. Tun 2009 wayar iPhone take da VoiceOver mai karanta abin da ke kan allo da murya, Android kuma tana da TalkBack. Makaho yana aika saƙo, yana karanta labarai, yana biyan kuɗi. Idan bayani ya shiga cikin wayar, an gama. Gizo yana saƙa ne a tsakanin wayar da abin da ke gabanta, a wannan 'yar tazara ta mita ɗaya ko biyu.

Domin a gane dalili sai an koma ga asalin lambar. A 1994 aka ƙirƙiro ta a Japan, a kamfanin Denso Wave, ƙarƙashin jagorancin injiniya Masahiro Hara, domin bin sawun kayan haɗa motoci a masana'anta. Tsohuwar lambar nan mai layi-layi da ake gani a jikin kayan kanti, wadda aka fara karantawa a wani kanti a jihar Ohio ta Amurka a watan Yunin 1974, ba ta ɗaukar bayani mai yawa, 'yan alƙaluma 12 ko 13 ne. Hara da mutanensa suna son mai ɗaukar bayani da yawa, mai kuma saurin karantuwa. Manyan murabba'ai ukun nan da ke kusurwoyin lambar su ne dabararsu ta sauri. Sun binciki tarin takardu da kayan da aka buga domin gano tsarin baƙi da fari da ba a cika samu a rubutu ko zane ba, suka tsaya a kan 1:1:3:1:1. Ta kowace fuska layi ya ratsa tsakiyar murabba'in, wannan jerin zai ba ka, don haka na'ura ba ta rikita shi da wani abu. Aiki ne mai kyau ƙwarai. Amma an yi shi ne domin ma'aikaci mai gani da ke riƙe da na'ura a hannu, kayan kuma suna gabansa. Alamomin ukun suna taimaka wa na'ura ta gane lambar da ta riga ta shigo cikin hoto. Kawo lambar cikin hoton kuwa, an bar wa ɗan'adam.

Me ya sa waya ba ta iya hango lambar daga nesa? Lissafi ne, kuma ya kamata a bi shi a hankali, domin duk sauran maganar a kansa take.

Lambar QR jerin ƙananan ƙwayoyi ne baƙaƙe da farare. Mafi ƙanƙantar samfurinta ƙwaya 21 ce a tsaye, 21 a kwance. Akwai samfuri 40, kowane ya fi na bayansa da ƙwaya 4, har zuwa 177. Mu ɗauki lamba mai faɗin santimita 2, irin wadda ake bugawa a gefen kwali, a ce tana ɗauke da gajeren adireshin intanet mai haruffa kamar 40. Wannan ƙwaya 29 take buƙata a kowane gefe. Idan aka raba milimita 20 gida 29, kowace ƙwaya wajen milimita 0.7 ce. To koma kan kyamara. Lokacin da manhaja ke neman lamba, ba hoto mai cikakken ƙarfi take ɗauka ba, bidiyo take kallo, wanda sau da yawa faɗinsa ɗigo 1,920 ne, wato 'yan ƙananan ɗigogin da ke haɗuwa su zama hoto. Daga nisan mita 1, kyamarar waya ta yau da kullum tana ganin fili mai faɗin kamar mita 1 da santimita 30. Raba wannan gida 1,920, kowane ɗigo zai tashi a wajen milimita 0.7 shi ma. Ke nan daga mita 1, ƙwaya ɗaya ɗigo ɗaya tak take samu. A haka baƙi da fari sun cakuɗe sun koma toka-toka. Kafin a karanta da tabbaci, ana son kowace ƙwaya ta sami ɗigo 3 ko fiye, wato sai an kawo wayar kusan santimita 30 ko ƙasa da haka. Daga nan ne masu ɗab'i suka sami ƙa'idar da suke aiki da ita, cewa nisan karanta lamba kamar ninki 10 ne na faɗinta.

Matsowa kusan ma yana da nasa farashin. Daga santimita 20, filin da kyamarar ke gani bai wuce santimita 26 ba a faɗi. Idan kuma aka matso ƙasa da wajen santimita 10, yawancin kyamarori ba sa iya saita gani, hoton sai ya yi dishi-dishi. Saboda haka wurin da lambar ke karantuwa ɗan siririn fili ne, kuma dole mutum ya faɗa cikinsa daidai. Mai gani yana faɗawa kai tsaye. Makaho kuwa yana riƙe da kwali mai fuska shida, bai san a wace fuskar lambar take ba, bai san ko a sama take ko a ƙasa ba, bai ma san ko akwai ta ba. Zai juya kwalin da hannu ɗaya yana shawagi da waya da ɗayan, kuma motsin hannun yana ƙara dagula hoton. Idan ledar da aka naɗe kayan mai sheƙi ce, hasken fitila zai iya goge rabin lambar ba tare da ya sani ba. Idan kwalba ce, lambar ta lanƙwashe, gefe da gefenta sun matse. A tasha ko asibiti abin ya fi haka muni, domin bango ba abu ba ne da za a ɗauka a juya. Ba wanda zai bi bango da waya taki-taki yana neman abin da bai tabbata yana nan ba.

Wani ɓangare na wannan wahala masu tsara lambar ne ke jawo shi da hannunsu, kuma gyaransa ba ya cin ko sisi. Adireshin da aka cusa wa wutsiyar bin diddigin talla har ya kai haruffa 150 yana buƙatar ƙwaya 49 a kowane gefe maimakon 29. A fili iri ɗaya, nisan karantawa ya ragu da kusan kashi 40 cikin 100. Haka kuma sa tambarin kamfani a tsakiyar lamba. QR tana da matakai huɗu na gyaran kuskure, waɗanda ke iya maido da kusan kashi 7, 15, 25 ko 30 cikin 100 na bayanin idan ya lalace. Wanda ya rufe tsakiya da tambari yakan koma mataki mafi girma domin cike giɓin, sai adireshin nan mai haruffa 40 ya tashi daga ƙwaya 29 zuwa 37. Kariyar da aka tanada domin ƙura da karce da sheƙin haske, an cinye ta a ado. Sai kuma farin filin da ƙa'ida ta ce a bari kewaye da lamba, mai faɗin ƙwaya 4, wanda ake yawan matsewa don a sami wurin rubutu. Ga masu buga lamba da ruwan toka a kan shuɗi domin ta dace da launin kwali. A ganina wannan shi ne abin takaici mafi girma a duk batun, domin ba sabuwar fasaha ake jira ba. Gajeren adireshi, baƙi a kan fari, takarda marar sheƙi, lamba babba gwargwadon hali, sun isa su sauƙaƙa wa mai raunin gani da tsoho mai rawar hannu da mai tsohuwar waya.

Amma ko an yi duk wannan, lissafin yana nan. Bayani mai yawa a ƙaramin fili ƙananan ƙwayoyi yake haifarwa, ƙananan ƙwayoyi kuma ba sa ganuwa daga nesa. Kamar allon talla ne na bakin titi da shafin jarida: allon ana karanta shi daga tsallake saboda kalmominsa kaɗan ne, jarida kuwa sai an kawo ta gaban fuska. Duk wata dabara ta hango lamba daga nesa, idan aka tone ta, rage bayanin da ake nema daga nesa ne.

Masu ƙera mutum-mutumi mai sarrafa kansa sun daɗe da sanin haka. Alamomin AprilTag da aka fitar a Jami'ar Michigan a 2011, da na ArUco daga Jami'ar Cordoba ta Sifaniya, 'yan manyan ƙwayoyi ne a cikin baƙin kewaye. Ba sa ɗauke da jimla ko adireshi, lambar shaida kawai suke bayarwa. Abin da suka ƙware a kai shi ne na'ura ta hango su daga nesa, a karkace, tana cikin tafiya, kuma daga yadda murabba'in ya bayyana a hoto ta lissafa nisansa da inda ya fuskanta. Idan ka san ainihin girman alama, ƙanƙantarta a hoto ta gaya maka nisa, karkacewar gefunanta kuma ta gaya maka kusurwa.

Wannan tunanin ne aka kawo wa masu larurar gani a tsarin NaviLens, wanda kamfanin Neosistec na birnin Murcia ya samar tare da masu bincike na Jami'ar Alicante a Sifaniya. Alamarsa murabba'i ce mai baƙin kewaye, cikinta manyan ƙwayoyi masu launi huɗu: shuɗi mai haske, ruwan hoda mai kauri, rawaya da baƙi. Wadda aka fi gani tana da layi 5, kowane da ƙwaya 5. Launin ba don kyau aka sa shi ba. Ƙwaya baƙa ko fara abu biyu kawai take iya nufi, mai launi huɗu kuwa abu huɗu, don haka ƙwaya 25 suna ɗaukar abin da 50 za su ɗauka, ba tare da an ƙanƙanta su ba. Kamfanin ya ce ana hango alamar daga nisan da ya ninka na QR har sau 12, a kusurwa mai faɗin da ya kai digiri 160, kuma ba sai kyamara ta saita gani ba. Wannan na ƙarshen shi ne ya fi muhimmanci a wurina, domin yana nufin mutum zai iya rataye waya a ƙirji yana tafiya, ko ya ɗan share iska da ita daga hagu zuwa dama, ta kama abin da ke wurin da kanta.

Hukumar sufurin birnin Basalona ta baza waɗannan alamomi a tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa da wuraren tsayawar bas. A New York an gwada su a tashar Jay Street-MetroTech da ke Brooklyn a 2019. Yadda abin ke aiki a tasha shi ne: mutum ya shigo, wayar ta hango alama a saman wata ƙofa, ta faɗa masa abin da ƙofar take, nisanta mita kaza, a ɗan dama da shi. Yana matsawa adadin mitocin yana raguwa. Alamar da ke wurin jiran jirgi kuma tana iya haɗuwa da bayanin lokaci, ta ce masa saura minti nawa jirgi ya iso. A ƙarƙashin ƙasa, inda siginar GPS ba ta kaiwa, wannan taimako ne babba. A sama ma GPS na iya kuskure da mitoci da dama, kuma mita biyar ɗin ƙarshe, tsakanin “ka iso” da taɓa ainihin sandar tashar bas, nan ne makaho ya fi shan wahala.

Daga tasha abin ya koma kanti. A watan Oktoban 2020 kamfanin Kellogg's ya gwada alamar a kwalayen Coco Pops a Birtaniya tare da RNIB, babbar ƙungiyar makafi ta ƙasar, daga 2022 kuma ya fara sa ta a kwalayensa na Turai. RNIB ta ce mutum 9 cikin 10 na makafi da masu raunin gani suna samun bayanin jikin kaya da wuyar karantawa, ko ma ba sa iya karanta shi sam. Ba sunan kaya kaɗai ake magana ba. Akwai jerin abubuwan da aka haɗa da su, wanda ga mai borin jini idan ya ci gyaɗa ko madara batu ne na rai da mutuwa.

Sai dai wannan hanya tana da nata cikas, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Ƙwaya 25 lambar shaida kaɗai suke iya ɗauka. Ainihin bayanin yana ajiye a wani rumbun bayanai, manhajar ce ke ɗauko shi. Kyamarar waya ta yau da kullum, wadda tun 2017 a iPhone take karanta QR ba tare da wata manhaja ba, ba ta san wannan alamar ba. Dole a sauke manhajar da ta san ta, kuma mai kaya ko hukumar tasha su shiga yarjejeniya da mai tsarin. Ga kuma launi: buga launi huɗu ya fi buga baƙi tsada da wuya, rana tana kodar da shi, fitila mai rawaya-rawaya tana sauya yadda kyamara ke ganinsa. A kan kwali kuma sabuwar alamar tana neman wurinta dabam, ban da lambar kanti da QR ɗin da suke nan tun farko.

Hanya ta biyu ta bar QR yadda take, ta yi mata ƙari. Kamfanin Zappar na Birtaniya ya zana wani jerin ɗigo da gajerun layuka da ke zagaye kusurwa ɗaya ta lambar QR ta yau da kullum. Ɗigogin sun fi ƙwayoyin QR girma sosai, saboda haka kyamara tana kama su daga nisan fiye da mita 1 ko da lambar ƙarama ce. Mai gani ya ɗora kyamararsa ya shiga shafin intanet kamar kullum. Makaho kuma manhajarsa ta hango ɗigogin, ta faɗa masa irin kayan da nisansa, ta ja shi har ya kai hannu. A 2023 Unilever ya fara sa irin wannan a kayan wankinsa na Persil a Birtaniya, kuma an shigar da iya karanta ta cikin manhajojin da makafi suka riga suka saba da su, irin su Seeing AI na Microsoft da Be My Eyes da Envision. Nisanta bai kai na alama mai launi ta bangon tasha ba, amma a gaban kanta mita ɗaya ya wadatar. Abin da ya burge ni a nan shi ne raba aiki gida biyu: alama mai ƙaramin bayani domin ganowa, lamba mai babban bayani domin karantawa. Ina ganin wannan shi ne tsarin da ya dace, ko wane ne ya zana shi.

Akwai wasu dabarun da suka kauce wa batun nisa gaba ɗaya. Kamfanin Digimarc yana saƙa lamba cikin zanen kwalin kansa, a maimaita ta ko'ina yadda ido ba ya lura, don haka duk fuskar da aka nuna wa kyamara ta isa. Guntun NFC da ake liƙawa a jikin kaya ba ya buƙatar haske ko saiti, amma sai an taɓa shi da waya ko an kusanto da 'yan santimita. Na'urorin Bluetooth na bango suna sanar da kansu daga nesa, sai dai suna cin batir, kuma ba su cika faɗin ainihin inda abu yake ba. Sannan akwai mafi sauƙi duka, wato alamar da yatsa ke ji. Wannan ba sabon abu ba ne: ɗan alwatika mai tudu da ake sa wa kwalaben sinadarai masu haɗari yana da ƙa'idarsa ta duniya, ISO 11683, kuma tun 2005 dokar Tarayyar Turai ta wajabta rubuta sunan magani da rubutun makafi na Braille a jikin kwali. Ɗan tudu a kusurwar lambar QR zai gaya wa yatsa “ga ta nan” cikin daƙiƙa ɗaya. Ba zai taimaka a bango mai nisa ba, amma ga abin da ke hannu, da wuya a sami abin da ya fi shi. Ko sanya lambar a wuri ɗaya a kullum, a ce kusurwar dama ta ƙasa a bayan kowane kwali, zai rage laluben da yawa.

Hango lamba rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne yadda waya za ta gaya wa mutum abin da ta hango, kuma a nan ne tsare-tsare masu kyau a takarda ke faɗuwa. Makaho a hanya hannunsa ɗaya na kan sanda ko igiyar karen jagora, kunnuwansa kuma su ne yake jin mota da sawun mutane da su. Manhajar da ke zuba magana ba ƙaƙƙautawa tana toshe masa abin da yake dogaro da shi. Shi ya sa ƙara gajeriya da jijjiga suka fi dogon bayani amfani a lokacin nema. Seeing AI, alal misali, tana yin ƙara mai ƙara sauri yayin da kyamara ke kusantar lambar kaya. Idan kuma alamomi goma suka shigo hoto a lokaci ɗaya, kamar a gaban kanta, wace za a fara faɗa? Dole mutum ya iya cewa abu kaza yake nema, manhajar ta yi shiru a kan sauran. Irin waɗannan ba a gano su a ofis. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma duk tsarin da ba a gwada da makafi na gaske a wuri na gaske ba, da hayaniyarsa da haskensa, bai gama gwaji ba.

Sai abin da ke bayan lambar. Tun 2020, lokacin annobar korona, wuraren cin abinci da yawa a duniya suka mayar da jerin abincinsu lambar QR. Ga makaho wannan ya kamata ya zama ci gaba, domin takarda ba ta magana, waya kuwa tana yi. Amma sau da yawa abin da lambar ke buɗewa hoton takardar ne kawai, wanda manhajar karanta allo ba ta ganin ko harafi ɗaya a cikinsa. Ko kuma shafi ne da ke fara tare mutum da tambayoyin amincewa da maɓallan da ba su da suna. Mutum ya sha wahalar gano lamba, ya isa, ya tarar da ƙofa a kulle. Jerin bayanin ma abin lura ne. Wanda ke riƙe da kwalin magani abin da yake son ji da farko shi ne sunan maganin, ƙarfinsa, yadda ake sha, da ranar da zai daina aiki, ba tarihin kamfani ba. A Tarayyar Turai tun Fabrairun 2019 kwalayen yawancin magungunan da likita ke rubutawa suna ɗauke da ƙaramar lamba mai suna Data Matrix, wadda ranar lalacewar maganin ke cikinta. An sa ta ne domin yaƙi da jabun magani, na'urar mai sayar da magani ce ke karanta ta. Bayanin da makaho ke buƙata yana nan a jikin kwalin, a lambar da ba ta kai farce ba, wadda ba a tsara domin shi ba.

Tsaro ma ya shigo ciki. 'Yan damfara suna liƙa lambar bogi a kan ta gaske, a injin biyan kuɗin ajiye mota ko a jikin sanarwa. Mai gani yana iya lura da sitika a kan sitika. Makaho ba zai lura ba, kuma manhajar da ke kama lamba daga nesa da kanta ta ƙara kusantar da shi ga tarkon. Don haka wajibi ne manhaja ta faɗi sunan shafin da murya kafin ta buɗe, ta kuma jira izini. A nan tsarin da ke da rumbu ɗaya yana da ɗan fifiko, tunda ba kowa ne ke iya ƙirƙirar alama mai aiki ba. Amma fifikon yana tafe da tambaya: rumbun da ake tuntuɓa duk lokacin da aka karanta alama zai iya sanin maganin da mutum yake sha da tashar da yake bi kullum. Bai kamata wanda ba ya gani ya biya da sirrinsa kafin ya san abin da mai gani ke karantawa kyauta ba.

Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa shi ne sauyin da ke tafe. GS1, ƙungiyar da ke kula da lambobin kayan kanti a duniya, tana aiki da 'yan kasuwa domin zuwa ƙarshen 2027 injunan biyan kuɗi a kantuna su iya karanta lambobi irin su QR, ba mai layi-layi kaɗai ba. A tsarinta na Digital Link, lamba ɗaya za ta yi wa injin kanti aiki, ta kuma buɗe wa mai saye shafin bayani. A Turai kuma dokar sauƙaƙa kayayyaki da hidimomi ga masu buƙata ta musamman, wadda aka zartar a 2019, ta fara aiki ranar 28 ga Yunin 2025, ta shafi abubuwa kamar injunan tikiti da na cire kuɗi da kasuwancin intanet. Ma'ana, a 'yan shekarun nan kamfanoni masu ɗimbin yawa za su sake zanen kwalayensu ko ta halin ƙaƙa. Ƙara 'yan ɗigo ko ɗan tudu a lokacin da ake sake zane abu ne mai sauƙi. Dawowa a ƙara bayan an gama, an yi farantan ɗab'i, an buga miliyoyi, shi ne mai wuya.

Denso Wave ne ya sami haƙƙin mallakar QR, amma ya bayyana cewa ba zai nemi kuɗi daga masu amfani da ita ba, a shekarar 2000 kuma ta zama ƙa'idar duniya mai lamba ISO/IEC 18004. Shi ya sa kowa ke iya buga ta, kowace waya ke iya karanta ta. Alamar ganowa daga nesa ita ma haka take buƙata: zane ɗaya da aka amince da shi, buɗaɗɗe ga kowa, wanda kyamarar waya za ta gane da kanta da zarar an kunna VoiceOver ko TalkBack. Idan ba haka ba, makaho zai tsaya a gaban kanta da manhaja uku, yana canzawa daga wannan zuwa waccan, domin bai san wace irin alama ce a kan wane kwali ba, wato dai matsalar farko ce ta dawo da sabuwar fuska. Masu ƙera wayoyi biyu ne ke riƙe da kusan dukkan kasuwar manhajar da wayoyin duniya ke tafiya a kai, Apple da Google, kuma su ne za su iya sa wannan ganowar a cikin kyamarar kanta, kamar yadda suka sa karanta QR a baya.